Juma'a Uku Babu Takalmin Baffa

Saura kaɗan in haɗiye wannan magana in sha ruwa a kai. Sau biyu ina farawa a waya ina gogewa. Dalili na farko dai, shugaban kwamitin da zan taɓa mijin ƙanwata ne, kuma a gidansu nake cin tuwo duk Asabar in ina Riyad. Wanda ya taɓa ɗanɗana miyar kukar ƙanwata ya san ba ƙaramar asara nake shirin yi ba. Na biyu, kuma shi ne mai nauyin, 'yar Baffa ta karanta sanarwar rasuwa ta yarda da ita. An rubuta cewa mahaifinta ya cika "a hannun 'yan'uwa da ɗalibansa, suna kewaye da shi." Da wannan layin take rarrashin kanta. In na faɗi yadda aka yi, na ƙwace mata shi. In na yi shiru, layin ne zai shiga ɗan littafin tarihin da kwamiti ke shiryawa, nan da shekara goma ba wanda zai san wani abu ban da shi. Na auna na sake aunawa, sai na tuna Baffa bai taɓa yarda a ce mutum yana nan alhali ba ya nan ba. To ga ta nan.

Ranar Laraba bayan la'asar muka binne shi a maƙabartar Al-Oud, inda aka sa Goggo matarsa shekarun baya. Jama'a ta taru, ba laifi, motoci har titi na biyu. Kaburburan ƙasar nan ba suna ba rubutu, dutse a kai dutse a ƙafa, kana juya baya ka rasa naka. Na lura wannan ya ɗan dami wasu daga cikinmu, don ba takamaiman inda za a tsaya a ɗauki hoto.

Wani likita cikin waɗanda suka gama kwas ɗin horo na kwamiti bara ya yi kuka har da shessheƙa. Ya cire baƙin tabarau ya goge ya mayar. Da ya lafa sai ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Alhaji, don Allah ainihin sunansa wa? Ina so in sa a guruf ɗinmu na waya."

Na gaya masa. Ya ce in maimaita a hankali.

Mijin ƙanwata, wanda kowa ke kira Injiniya har matarsa, ya tsaya a bakin ƙofar maƙabarta yana karɓar gaisuwa kamar shi ne magaji. Duk wanda ya miƙa hannu sai ya ce, "Mun yi rashin ginshiƙi." Da na iso ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Ajin bana sunan Baffa za mu sa masa. Har na gaya wa mai buga satifiket." Ƙasar kabarin ko bushewa ba ta yi ba.

Mutum ɗaya ne ya fita daban, wani direban tasi da duk muke kira Yaya saboda ya riga mu shiga ɗariƙa. Shi ya shiga ramin, ya fito da ƙasa har gwiwa. Da aka watse ya zauna a bakin motarsa ya cire takalmi ya zazzage, ya daɗe yana kallonsa a hannu. Na je na ce, "Yaya, sai haƙuri." Ya ce, "Kai ma," bai ɗago ba.

Baffa ba ƙanen uban kowa ba ne a cikinmu, kira ne kawai ya bi shi. Mutumin Damagaram ne, ya zo ƙasar nan tun Riyad tana ƙarewa a inda yanzu ake kira tsakiyar gari. Aikinsa ɗauko kayan gwari daga kasuwar Aziziya a 'yar a-kori-kura ya rarraba wa shaguna. Ko da ya daina tuƙi, in ka gaisa da shi sai ka ji kamar albasa a tafinka. Karatunsa bai kai na ɗaliban jami'a ba, shi da kansa yake faɗa. Amma Shehunmu na gida, wanda ke ba da izinin muƙaddami, wato mai jan 'yan'uwa a gari, ya aiko cewa duk wanda za a ba izini daga Riyad sai Baffa ya ce ya isa. Daga nan horon ya faro, ko me littafin kwamiti zai ce.

Mu 'yan ɗariƙa a nan ba ma yin abinmu da hayaniya. Ranar Juma'a bayan la'asar mu taru mu yi zikiri, a sha shayi, a watse. A lokacin a ɗakin Baffa ake yi, saman wani tsohon gida a lungunan Batha, matakala goma sha ɗaya, ta bakwai a fashe. Wanda ake horarwa ba ya shiga ciki. Tabarma ake shimfiɗa masa a bakin ƙofa ya zauna da takalman mutane. Juma'a arba'in a jere. Kwas ɗin ke nan gaba ɗaya. Muna ce masa zaman ƙofa.

Duk wanda ya zo ya tuɓe, ka ɗauka ka jera, ka juya bakin takalmin waje don in ya fito ya zura kawai. Zikirinka daga nan kake yi. In an watse sai Baffa ya fito da kofin shayi, ya tsaya a kanka, ya yi tambaya ɗaya, ita ce kullum.

"Takalmin wa babu?"

Ba ya karɓar "ina jin", ba ya karɓar "kamar". Suna yake so. In ka faɗa ya ce, "Je ka gano min shi." Kafin wata Juma'ar sai ka je da ƙafarka ka ga mutumin da idonka. Da wayar hannu ta zo muka yi murna mun samu sauƙi. Ya ce ba ta cikin lissafi. "Waya? Kowa lafiya lau yake a cikinta."

Wanda bai zauna a ƙasar mutane ba zai ɗauka wasa ne. A nan mutum yana iya ɓacewa da rana tsaka. Iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, ta ƙare, tsoro ya hana shi leƙa waje. Ko mai gidan da ya ɗauko shi aiki ya mayar da shi wata gona a bayan gari. Ko zazzaɓi ya kwantar da shi a ɗakin da maƙwabta ba sa jin yarensa. Ba uwa, ba inna, ba mai leƙowa ta katanga ta ce yau ban ji motsinka ba. In ba a fita neman mutum ba, shi ke nan.

Ni na yi zaman ƙofa, kuma ba zan yi ƙarya ba, ba da daɗin rai na yi ba. Na zo da digirina da takalmin fata da na sayo a Alƙahira, ina ganin Baffa zai ce in shigo in ja zikiri. Ya dubi ƙafata kafin ya dubi fuskata, haka yake yi wa kowa, ya ce, "Wannan takalmin bai san wahala ba. Zauna nan." Na yi Juma'a ashirin da uku, aiki ya kai ni Dubai sati biyu, na dawo da turare da dabino na kai masa. Ya karɓa, ya sa albarka, ya ce, "Yau ɗaya."

"Baffa, ashirin da huɗu dai."

"Waɗanda suka ɓace a sati biyun nan, sun jira ka?"

Sau uku ina komawa ɗaya, don ni ƙafata ba ta zama. Ba wanda ya kai ni daɗewa a bakin ƙofar nan. Har Goggo ta ɗinka min matashi na kaina, tana miƙo min tana cewa, "Ga na mai gida." Daga ƙarshe na cika arba'in, amma ina zargin Baffa gajiya ya yi da ganina.

A zaman ne na gane takalmi bai iya ɓoye abin da baki ke ɓoyewa ba. Akwai wani bawan Allah da yake ce mana a ofis yake aiki, gaban kwamfuta, cikin sanyi. Kullum kuwa takalminsa da farin siminti a cikin ɗinki. Abin ya ba ni dariya, ni da son labari, na kai wa Baffa da zafinsa. Bai yi dariya ba. Ya shiga ya jiƙo tsumma ya miƙo min.

"Goge kafin ya fito. In na ji maganar nan a bakin wani, ka koma ɗaya."

Wata uku ina goge simintin nan. Mutumin bai sani ba, ko ya sani ya yi shiru. Yanzu ma ban faɗi suna ba, Baffa, ka gani.

Wata Juma'ar na ce silifar wani ɗalibi babu, shuɗiya, an ɗaure igiyarta da waya. Kwana uku ina nemansa. Na same shi kwance a ɗakin kwanan ɗalibai, mahaifiyarsa ta rasu a gida, bai gaya wa kowa ba, ya daina shiga aji. Na yi masa gaisuwa na dawo ina taƙama, ina jiran yabo.

"Ka ci abinci da shi?"

"A'a, Baffa."

"To me ka je yi? Koma."

Ya ɗora min leda cike da lemo da tumatir waɗanda suka ɗan bugu a kasuwa. Na koma. Ɗalibin ya ƙi ci sai da na fara, sannan ya ci kamar zai haɗa da kwanon. Yana ci yana kuka, ni kuma ina ta ba shi labarin yadda aka taɓa sace min jaka a tashar Kumasi, don ban san abin da zan ce ba.

Yaya kuwa arba'in ɗinsa a jere ya yi, ba fashi, duk da Juma'a da yamma ce kasuwar mai tasi. Baffa ya aika gida cewa ya isa. Yaya ya ce ba ya son izinin, a bar shi da ƙofa.

Sai jama'a ta yi yawa. Likitoci suka zo, injiniyoyi, masu albashi mai kauri. Ɗakin Baffa ya yi kaɗan, matakala ta bakwai ta kusa karya wani farfesa. Aka kama hayar wani gidan hutu a bayan gari, mai fili da babban zaure da na'urar sanyi. Wannan ba laifi. Laifin ya fara ran da aka kafa kwamiti, kwamiti kuma ya zauna ya gano cewa ba mu da "tsari". Mijin ƙanwata an taɓa tura shi wani kwas a wurin aiki, aka koya musu zana akwatuna da kibiyoyi a allo. Tun da ya dawo duniya ta zama masa akwatuna da kibiyoyi. Ya ce babban likita ba zai yi wata goma yana ɗaukar silifan lebura ba, zamani ya wuce nan. Masu albashi suka ce gaskiya ne. Leburorin ba a tambaye su ba.

Haka aka haifi abin da suka kira Horon Jagoranci. Asabar shida, a zaure, da majigi. Akwai darasin yadda ake tsayuwa gaban jama'a da inda ake ajiye hannu. Akwai darasin hangen nesa. Akwai ranar da ake raba mutane rukuni-rukuni su gina hasumiya da busasshiyar taliya, wai su koyi aiki tare. Manya ne fa, da gemu, da furfura, suna rigima a kan wa ya karya taliya. Wallahi na gani da idona. A ƙarshe satifiket mai zanen zinariya a gefe, da hoto, da shinkafa da rago. Na yi yawo, na ga irin wannan a Legas, na gani a Kwalalamfur, amma can aƙalla ba sa cewa don Allah suke yi.

Takalma kuwa aka sayo musu kanta ta ƙarfe mai ramuka, kowane rami da lambarsa. Halarta ta koma waya. A turo fom, ka danna "na zo". Wanda bai zo ba ma yana iya dannawa daga kan gadonsa, kuma ana yi.

Ran da aka kawo kantar aka yi rigimar da ban taɓa ganin Baffa ya yi irinta ba. Ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa da yatsa.

"Injiniya, abin nan naka yana magana?"

"Baffa, tsari ne. Ba za a ƙara ɓatan takalmi ba."

"An taɓa ce maka takalmi ya ɓata a wurina?"

"Ba haka nake nufi ba, Baffa. Yanzu muna da bayanan kowa. In na danna nan sai in gaya maka mutum nawa suka zo."

"Ban tambaye ka nawa suka zo ba. Wa bai zo ba?"

Injiniya ya ja allon wayar sama, ya ja ƙasa, ya ce tsarin bai kai nan ba tukuna amma za a ƙara.

"Mai gyaran lantarki na unguwar Manfuha, mai ɗingishi," in ji Baffa. "Juma'a biyu ke nan."

Sakatare ya ce ai ya danna, yana nan.

"To fito min da ƙafarsa."

Aka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta fi yi masa ciwo, na gani a fuskarsa, don sun ɗauka barkwancin tsoho ne. Ya ɗaga murya, shi da ba ya ɗagawa, ya ce ba zai sa bakinsa a kan kowa ba sai wanda ya zauna ƙofa, ko da ɗan Shehu ne. Kwamiti bai sha wahala ba. Shehu ya riga ya rasu, magajinsa bai san Baffa ba sai a takarda. Suka rubuta gida cewa dattijo ya manyanta, a sauƙaƙa masa. Suka naɗa shi Uban Horo, suka saya masa alkyabba, suka ajiye masa kujera mai hannu a gaba. Daga ranar sunayen masu neman izini suke tafiya gida ba tare da bakinsa ba. Mai gyaran lantarkin kuwa Yaya ne ya je ya gano shi. Tsani ne ya kayar da shi a wurin aiki.

Kujerar Baffa bai taɓa zama a kanta ba. Yakan zo, ya ƙi sa takalminsa a rami, ya ajiye a ƙasa gefen ƙofa, baki waje. Baƙin sandal ne, dunduniyar hagu ta cinye saboda shekarun taka kuloci. Sai ya zauna a ƙarshen sahu inda yake hango kantar. Mai shara ya sha ɗauke sandal ɗin ya cusa a rami, shi kuma ya sha fito da shi. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai maɓallai, ba ta buɗe fom, don haka sakatare ke danna masa "na zo" kowace Juma'a, wai girmamawa.

Yanzu na iso inda nake gogewa.

Kwanakin baya aka buɗe sabon aji. Mijin ƙanwata ya ce in zo Juma'a bayan zikiri in ba sababbi tarihin horon, tunda ni tsohon ɗalibi ne kuma na iya zance. Ni kuwa a ce in yi zance! Na sa babbar riga na fesa turare. Ina shiga ƙofa idona ya faɗa gefen nan na ƙasa, don ido ya saba. Babu sandal. Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Kuma abin da ya fara zuwa raina, Allah ya yafe min, daɗi ne: yau zan ba da labari ba mai katse ni. Don in Baffa yana wuri ba ka isa ka ƙara gishiri ba. Kana cikin daɗin zance sai ka ji daga baya, "Ba haka aka yi ba," ya ci gaba da jan carbi.

Na yi musu kusan awa guda. Na kwaikwayi muryarsa, na kwaikwayi tsayuwarsa da kofin shayi. Sau ukun da na koma ɗaya na mayar da su biyar. Da na ce, "Takalmin wa babu?" zauren ya ɗauki dariya da tafi. Wani ya rubuta a littafinsa ya ja layi. Mijin ƙanwata ya miƙe ya ce wannan zai zama taken aji, a maimaita. Zaure cike da masu neman jagoranci suka haɗa baki, "Takalmin wa babu?" har sau uku, ba wanda ya waiwaya ya dubi ƙofa. Ni da na riga na duba, na ce a raina gobe zan leƙa. Gobe Asabar, akwai tuwo. Lahadi na tashi zuwa Istanbul aiki, sati uku cur.

Juma'a ta biyu ta wuce, ta uku ta wuce. A bayanan kwamiti Baffa bai yi fashi ko ɗaya ba.

Yaya a lokacin yana gida hutu. Ya sauka Alhamis, Juma'a ta huɗu ya zo zikiri. Ko tuɓewa bai yi ba ya tsaya a ƙofa ya ce, "Takalmin Baffa fa?" Sakatare ya duba waya ya ce yana nan. Yaya ya leƙa ƙarshen sahu, ya juya ya tada mota.

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji, kuma Yaya ba ya ƙara gishiri. Ya hau matakala goma sha ɗayan nan. Sandal yana bakin ƙofa a jere, baki waje. Baffa yana kwance a tabarma. Ɗan ƙurji ne ya fito masa a ƙafa, ga ciwon suga, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, ba ta shiga takalmi balle ta sauka matakala. Wani ɗan Bangaladash mai wanki a ƙasan gidan shi ke hawo masa da burodi da madara, ba su jin yaren juna. Ya yi ta nuna masa asibiti da hannu, Baffa yana girgiza kai. Da Baffa ya ga Yaya sai ya yi ƙoƙarin tashi.

"Wa ya aiko ka?"

Yaya ya ce, "'Yan'uwa ne, Baffa."

"Ɗana, ba haka aka yi ba."

Wayarsa tana gefen matashi, da caji. Yaya ya ce, "Baffa, me ya hana ka kira ko mutum ɗaya?" Ya ce, "Ina so in gani ne ko za a neme ni." Taurin kai ne, na sani, kuma da yana da rai da na gaya masa. Amma 'yarsa da ke aure a Maraɗi kullum tana kira, kullum yana ce mata ɗan ciwon ƙafa ne, 'yan'uwa yanzu suka fita. Shi da bakinsa ya ce kowa lafiya lau yake a waya.

Yaya ya goya shi ya sauko da shi. A asibiti likitocinmu suka yi ca, ba zan hana su wannan ba, sun yi iya yinsu, sai dai ciwon ya riga ya shiga jini. Ranar Asabar bayan darasi kwamiti ya zo da 'yan aji, suka kewaye gadon, Baffa bai san inda yake ba, aka ɗauki hoto. Lahadi da hantsi ya cika. Lahadi ranar aiki ce a nan, Yaya kaɗai ke wurin. Ni ina filin jirgi ina jiran jakata na ga sanarwa. Takardun binnewa kuwa cikin kwana biyu suka kammala su. Takarda kam sun iya.

Bayan sadakar uku na ja mijin ƙanwata gefe na ce layin nan na "suna kewaye da shi" bai kamata ya shiga littafi ba.

"Ai akwai hoto, Alhaji."

"Injiniya, Juma'a uku fa."

"A bar wa yarinya abin da zai sanyaya mata rai. Kuma in tonawa za a yi, wa ya tsaya gaban majigi Juma'ar farko?"

Gaskiya ya faɗa, kuma karon farko ke nan da na ji ya yi bayani ba kibiya. Kwamiti dai ya ɗauki mataki. An ƙara Asabar ta bakwai, darasin kula da mambobi. An ce da majigi za a yi.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haɗa shi da Goggo, ya saukar da shi inda ba a mantuwa da kowa. Allah ya yafe masa taurin kansa, mu kuma ya yafe mana abin da ya fi wannan.

Sati biyu bayan binnewa 'yarsa ta samu biza ta zo kwashe kaya. A nan aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, Hausarta a hankali take fita kamar tana zaɓen kowace kalma. Kawu take ce min tun tana tsallake ni a bakin ƙofa. Ni da Yaya muka je taya ta da safe. Kayan ba yawa: carbi, butar shayi, littattafai uku, alkyabbar nan a ledarta ko buɗewa ba a yi ba, da matashin da Goggo ta ɗinka min, ban san ya ajiye ba. Ta nuna mana hoton asibiti a wayarta, tana ta godiya, tana cewa Allah ya saka wa 'yan'uwa, Baba bai yi kaɗaici ba. Yaya ya sunkuci kwali ya sauka, ya daɗe bai hawo ba.

Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ɗauki sandal ɗin, ta shafa dunduniyar da ta cinye, ta fara naɗe shi a mayafi.

"Kawu, an turo min bidiyon jawabinka a kan Baba. Na yi dariya har na yi kuka. Muryarsa sak."

Na ce, "Uhm."

Ta ƙulle mayafin ta ɗago tana murmushi.

"Da ka je ka ba shi labari, me ya ce?"